An Ce da Famfo Aka Musanya Ni

Hafsatu, ke kika jawo wannan babin. Ranar da kuka dawo daga yawon Sallah a ƙauyenmu Gammo kin tsaya a bakin ƙofar ɗakina, kika ce wata tsohuwa ta nuna ki a gaban mutane ta ce, "Wannan 'yar Sabi'u ce, wanda ubansa ya musanya da famfo." Na ce ki je ki ci abinci, za mu yi magana. Ba mu yi ba, don kun san halina, magana ta fi zo mini a kan takarda. Kakanku Malam Isa ya rasu, ba zai kare kansa ba, kuma ko yana raye ba zai yi ba. To ga yadda abin ya faru, ki karanta ke da ƙannenki.

Shekarar ce da na gama sakandare a Gwarzo na koma ƙauyenmu ina jiran gurbin ƙaro karatu. Ni ba mai shiga mutane ba ne. In aka aike ni kasuwa nakan zaga ta bayan rumfuna don kada in haɗu da wanda zan tsaya doguwar gaisuwa da shi. Turancina kuwa duk na littafi ne, na san kalmomi da yawa da ban taɓa jin wani ya furta su ba. Ana tsakiyar rani wata ƙungiya mai ofis a Kano ta zo da matasa daga ƙasar waje, maza da mata, 'yan aikin sa kai. An sauke su a wani gida a Kabo, kullum da safe mota ta kawo su ƙauyenmu, da la'asar ta mayar da su. Aikinsu shi ne gyara azuzuwan firamare da iska ta yaye wa rufi, sannan aka ce za a haƙa mana famfon tuƙa-tuƙa. Shugabansu wani saurayi ne siriri, sunansa ya gagare mu muka sa masa Dogo, shi ma ya amsa. Tare da su akwai Malam Nura, ma'aikacin ƙungiyar, ɗan birni mai saurin baki.

Suka ce suna son shugaban matasa daga cikin gari, wanda zai haɗa musu samari ya kuma yi tafinta. Hedimasta ya ba da sunana ba tare da ya tambaye ni ba. Alhali muna da sarkin samari, Lawwali, wanda in ya yi kira daga bakin masallaci sai an ji shi a fadama. Ranar farko ya same ni a gaban samarin ya rusuna mini.

"Ranka ya daɗe, an ce kai ne shugabanmu yanzu. Ɗan ɗaga murya mu ji ko da 'ku tashi' ne, don mu san muryar da za mu riƙa bi."

Aka yi ta dariya, ni kuwa na tsaya ina kallon ƙasa. Amma Lawwali ba mugu ba ne. A ƙarshe abin da muka koma yi shi ne, Dogo ya faɗa mini, ni in faɗa wa Lawwali a kunne, shi ya kwatsa wa jama'a. Da haka shugabancina ya tafi.

Ku da kuka tashi a birni ba ku san gayya ba sai a baki, kuma in ba ku gane ta ba ba za ku gane sauran labarin ba. A wurinmu wanda aikin gona ya fi ƙarfin hannunsa yakan aika wa samari da goro, su zo da fartanyoyinsu su nome masa. Ba a biyan kowa. Amma dole mai gona ya ciyar da su, kuma kowa ya san ranar da tasa ta taso kai ma za ka je masa. Cin abincin nan shi ne shaidar cewa kun zama ɗaya, yau kai gobe shi. Saboda haka da Baffa Hamza, yayan Baba kuma mai unguwarmu, ya ga baƙi suna ɗaukar bulo a rana don 'ya'yanmu, bai tsaya shawara da kowa ba ya sa gidaje suka ɗora tukunya. Da hantsi sai ga kunun tsamiya, da fura, da tuwon dawa an jere a inuwar darbejiyar makaranta. Baffa ya zo da kansa da babbar riga ya ce in ce musu bismillah.

Dogo ya yi ta godiya, ya dafa ƙirji, ya yi dogon bayani. Su kuma sauran suka koma gefe suka buɗe 'yan robobinsu na abinci da gorunan ruwansu. Na ji duk abin da ya ce, amma na kasa maimaita shi a gaban Baffa.

"Sun gode ƙwarai, Baffa. Wai cikinsu ne bai saba ba."

"Ciki ai sabawa yake yi. Su fara da kunu."

Sai Malam Nura ya sa baki. "Ranka ya daɗe, ba maganar ciki ba ce kaɗai. Doka ce ta ƙungiya. Ba sa karɓar komai daga hannun mabuƙatan da suka zo taimaka wa."

Baffa ya daɗe yana kallon ƙoren da aka jere. Sannan ya juyo kaina.

"Sabi'u, mabuƙata ya ce da Turancin?"

"Kusan haka ne, Baffa."

"Amma ba haka ka faɗa mini ba."

Tun daga ranar na ƙudurta duk abin da aka faɗa a gabana zan juya shi yadda yake, ko da wa zai ɓata wa. Sai dai na makara. Samarinmu suka ci abin da za su iya, aka mayar wa mata da sauran. Da na shiga gida na tarar da Inna tana juye tuwo a ƙwarya, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ni tunda nake ban taɓa ganin wanda zai yi maka gumi ya ƙi ruwan gidanka ba, sai in akwai abin da yake hange wanda ya fi ruwan."

Maganar Inna ita ce maganar gari duka. Ba wanda ya hana su aiki, ana gaishe su, ana yi musu sannu, amma kowane motsinsu ana lissafe da shi. In ɗayansu ta durƙusa ta ɗebi ƙasa ta murza a hannu, kafin Azahar an ce ma'adini suke nema. In suka ɗauki hoton yara, an ce ƙirga su ake yi. Wani ya ce ya ga Dogo yana kallon dutsen bayan gari ya fi yadda ake kallon dutse. Ni kuma na zama wanda in na doso majalisa sai hira ta koma kan farashin taki. Abokan da muka yi makarantar allo tare suka fara tambayata, cikin wasa da ba wasa ba, me Turawana suke cewa in sun keɓe. Kuma kada ku ɗauka ni zuciyata a wanke take. Ni ma ina sa musu ido. Ina sauraron hirarsu a lokacin hutu, ina jiran kalmar da za ta suɓuce. Abin da nake ji dai shi ne ƙorafin zafi, da kewar gida, da gardamar ƙwallo. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, sai na ce wataƙila sun san ina ji.

Aiki ya kusa ƙarewa sai Dogo da Malam Nura suka kira ni gefe. Suka ce tsarin ƙungiyar musaya ne: kamar yadda aka kawo matasansu nan, haka ake kai matashi daga nan can ƙasarsu ya yi wasu watanni yana aikin sa kai a gidan tsofaffi da wurin ciyar da marasa matsuguni. Sun zaɓe ni. Ba zan ɓoye muku ba, tun ina ƙaramin aji nake karanta labarin teku da jirgin ƙasa da ƙanƙara, kuma ko Kano sau nawa na taɓa zuwa. Na so tafiyar nan fiye da duk abin da na taɓa so. Amma tun a hanyar gida na san abin da za a ce.

Baffa ne ya faɗe shi, a zaurenmu, a gaban Baba.

"To, ga shi an zo karɓa. Na faɗa muku wanda ya yi gayya ya ƙi cin tuwo ba tuwo yake so ba."

Inna daga bayan zana ta ce, "Wai a ƙasar Turawa ne aka rasa mai kula da tsoho, sai an zo Gammo an ɗauki Sabi'u, wanda ko ruwan shayi bai iya dafawa ba?"

"Akwai talakawa a can, Inna. Na karanta."

"Ka karanta. Su wa suka rubuta?"

Baba kuwa mutum ne mai noma da damina, da rani kuma ya yi awon dawa da gero a kasuwar Gwarzo, kuma a kasuwar ma an san shi da ƙarancin magana. Ina jin a wurinsa na gado. Sai da aka kwana biyu, muna gyaran danga, ya yi mini magana ba tare da ya dube ni ba.

"Kana so?"

"Ina so, Baba."

"Ka ce wa dogon nan ya zo ranar Laraba bayan Azahar. Shi kaɗai, ban da ɗan birnin. Ka ce gaisawa za mu yi."

"In ya zo me za a yi?"

"Abinci zan ajiye masa. In ya ci, ka tafi. In bai ci ba, ka zauna. Kuma ban yarda ka gaya masa ba, ko da ido."

Kwanakin da suka biyo baya kullum muna tare da Dogo muna kwaɓa siminti. Jimla ɗaya ta ishe ni, kuma ba wanda zai ji, ko an ji ba a gane ba. Na shirya ta a raina da Turanci mai kyau, na gyara ta, na sake gyarawa. Ban faɗa ba. Ba don ƙarfin hali ba ne kaɗai. Ni kaina ina son in ga abin da zai yi.

Ya zo a kan lokaci, ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya ce "Ina wuni" da irin Hausarsa. Baba ya bi shi da gaisuwa tiryan-tiryan, gajiya, da aiki, da mutanen gida, da baƙunta, ina juyawa. Sannan ya ce in shiga in karɓo saƙo wurin Inna. Tuwon dawa ne da miyar busasshiyar kuɓewa, a kwano ɗaya. Da na ga miyar na san Inna ba ta yi niyyar sauƙaƙa wa kowa ba. Baba ya wanke hannu, ya tura wa baƙon ruwan, ya buɗe kwanon ya ce bismillah.

Dogo ya dubi kwanon, ya dube ni, ya yi ƙasa da murya. "Sabi'u, ka san dokarmu. Me ya kamata in yi?"

Na juya wurin Baba na ce, "Ya ce na san dokarsu, wai me ya kamata ya yi."

Fuskar Dogo ta yi ja, don ya gane na miƙa maganar. Baba ya gyara zama.

"Gaya masa ni ma ban san abin da ya kamata in yi ba. Shi tuwo aka ajiye masa yake ta tunani. Ni ɗa aka ce in bayar."

Na juya masa ita kalma bayan kalma. Sai Dogo ya jawo ruwan ya wanke hannu, ya gutsiro tuwo. Miyar ta bi masa hannu har gwiwa, ya bi ta da baki, ta kuɓuce. Baba bai yi ko murmushi ba, ya dai tura masa tsokar naman gabansa. Sai da suka yi nisa sannan ya fara tambaya.

"A can wa zai ba shi abinci?"

"A gidan mahaifiyata zai zauna."

"Tana da labari, ko kai ne kake yi mata alkawari?"

"Ita ta ce a kawo mata."

"Sallarsa fa?"

"Akwai masallaci, ba nisa a mota. Ranar Juma'a ba zai yi aikin rana ba."

"In ya mutu fa?"

Nan na ɗan tsaya, Baba ya dube ni, na juya wa Dogo maganar. Dogo ya ajiye lomar da ke hannunsa ya ce zai kawo ni gida da kansa.

"A'a," in ji Baba. "A nemo Musulmi su binne shi a can, kada a bar shi yana jiran jirgi. Amma kai za ka zo nan da ƙafarka ka faɗa mini. Ban yarda da waya ba, ban yarda da ɗan birni ba."

Haka na zauna tsakaninsu ina tafintan jana'izata. Dogo ya ce ya ɗauka. Baba ya ce, "To, ka tafi da shi," ya ci gaba da cin tuwonsa.

Kafin Magariba gari duka ya ji cewa Baturen da ya ƙi abincin mai unguwa a bainar jama'a ya ci na Malam Isa a zaure. Dogo ya yi kwanaki kwance a Kabo da ciwon ciki, Malam Nura ya yi mini faɗa kamar ni na ɗura masa. Sai kuma abin da ya ƙarasa mu: masu haƙan famfo suka zo da na'urarsu suka yi aune-aune, suka ce ruwa ya fi kusa a filin da ke daura da ƙofar gidanmu. Baba ya roƙe su su matsa gaba, suka ce ba su ke zaɓa ba, ƙasa ce. Da rana tsaka Baffa ya shigo ko zama bai yi ba.

"Isa, ya ƙi tuwona a fili ya ci naka a ɓoye, yanzu ga ruwa a ƙofarka. Me kuka ƙulla?"

"Yaya, amanar ɗa zan ba shi, na ce sai mun sa hannu a kwano ɗaya. Shi ke nan."

"Kai ka faɗa."

Na tafi ana shirin shuka. Labarin can babi ne na daban, amma zan gaya muku abu biyu. Akwai talakawa, akwai tsofaffin da sai a yi mako ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, kuma ni mai gudun gaisuwa na wayi gari aikina shi ne zama in saurare su. Mahaifiyar Dogo ta riƙe ni da kyau, faifan da Inna ta aika mata ma a bango ta rataye shi kamar hoto. Na biyu, a can na gano cewa da ƙungiyar ba ta samu matashi daga yankinmu ba, da ba a amince mata da aikin shekara mai zuwa ba. Wato Dogo yana buƙatata kamar yadda nake buƙatarsa. Ko don maganar Baba ya ci tuwon nan, ko don wannan, ban tambaye shi ba, kuma har yau ina juya abin a raina. Duk lokacin da na samu Baba a wayar wani mai shago a Kabo, amsarsa ɗaya ce: kowa lafiya, damina ta yi kyau.

Na dawo bayan an gama girbi, da jakar da na tafi da ita, da rigar sanyi. Mutane suka yi ta zuwa barka da dawowa. Bakinsu yana gaishe ni, idonsu yana kan rufin ɗakuna, da turken awaki, da ƙarƙashin rumfa inda ake ajiye babur. Baffa ya zo da safe. Ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni sanyi, ya sa na karanta masa wata sura wai yana son jin muryata. Sannan ya ce zai shiga ya gaida Inna, abin da bai saba ba. Yana tsakar gida yana waige-waige sai Baba ya miƙe.

"Yaya, tun ɗazu idonka yake yawo. Taso in rage maka wahala."

Ya jingina tsani a jikin babban rumbunmu, ya hau ya ɗage murfin, ya sauko. "Hau ka ga abin da aka ba ni."

Baffa ya tattare riga ya hau. Ya daɗe yana leƙen ciki. Da ya sauko ya kakkaɓe hannu.

"Wanda ya yi hulɗa da Bature ai ba a rumbu yake ajiya ba. A banki yake ajiya."

Ya yi sallama ya fita. Sai ni ma na hau. A irin wannan lokacin rumbun nan har wuya yake cika, sai an danna murfi. Na leƙa na ga 'yan dammuna can a ƙasa, ana ganin daɓen ta tsakaninsu.

"Baba, ka ce mini damina ta yi kyau."

"Ta yi kyau. Ban yi maka ƙarya ba."

Inna tana bakin murhu ta ce, "Ta yi wa kowa kyau. Goron gayya ya aika lokacin noman farko, aka karɓa aka ce za a zo. Ranar nan Lawwali kaɗai muka gani, shi ma ta bayan gari ya zago da fartanyarsa a cikin buhu. Wai wanda yake da Turawa me zai yi da samarin ƙauye. Kai ba ka nan, ƙannenka ba su kai ba. Babbar gonar ciyawa ce ta cinye ta yana kallo."

Na sauko na tsaya a gabansa. "Da ka faɗa mini da na dawo."

"Shi ya sa ban faɗa ba. Riƙe mini tsanin in mayar da murfin."

Tun kafin ruwan farko ya sauka hatsinmu ya ƙare. Kakanku, wanda ya yi shekaru yana auna wa mutane dawa a kasuwar Gwarzo, ya koma yana tsayawa a gaban abokan sana'arsa da buhu a hannu, ana auna masa tiya-tiya. Ni nake ɗauro masa a bayan keke. In mun iso gida sai mun ratsa layin 'yan gari da suke jiran ɗiban ruwa a famfon, shi a gaba yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.